Akwati Biyu Masu Kara

Shekarun baya, can ƙarshen shekarun casa'in, tun gashin kaina bai fara ƙaura ba, na taɓa koya wa wasu na'urori biyu ladabi har ladabin ya kusa jawo mana asara. Jiya ne abin ya faɗo mini. Ina zaune a tsakar gida na ga autata ta kara wayarta kusa da ta ƙawarta, kafin ka ce me hoto ya tsallaka daga wannan zuwa waccan, ba igiya ba komai, su kuwa ko a jikinsu. Na kama murmushi ni kaɗai har uwarsu ta tambaye ni ko lafiya. To ga labarin, musamman ku da kuke yawan tambayata yadda aka yi na faɗa wannan sana'a.

A lokacin na dawo gida Gure daga Yamai ba tare da takardar jami'a ba. Yau yajin aikin malamai, gobe na ɗalibai, shekara ta tafi a banza, wata ta bi bayanta, har mahaifina ya aiko cewa in dawo in ci tuwon gida tunda karatun ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Abin da na tsira da shi kawai shi ne ɗan iya rubuta manhajar kwamfuta, wadda mu a nan muke kira ordinatar. Wani malaminmu ne ya koya mana, mutum mai wata ɗabi'a tasa: duk manhajar da zai ba mu, a buɗe yake ba mu ita, da rubutunta na ciki gaba ɗaya, ya ce mu karanta, mu gyara, mu miƙa wa na gaba. Yakan ce manhajar da aka ɓoye cikinta rijiya ce da aka sa wa kwaɗo. Mu a lokacin surutun malamai kawai muka ɗauki maganar.

Allah Ya taimake ni na samu ɗan aikin buga takardu a wani ofishi da ke yaƙi da rairayi, wato masu kafa shingen kaba a kan tuddai don kada yashi ya gangaro ya binne lambunan da ke cikin kwari. A nan na haɗu da abokina. Malamin gandun daji ne da aka turo daga Dogon Dutsi, Ba'are, ni kuma Babarbare, kun ga ke nan wasan ƙabila ya same mu tun kafin mu san sunan juna. Ranar farko da ya gan ni ya miƙo mini jakarsa ya ce, "Kai bawana, zo ka ɗauki kayan ubangidanka." Na ce masa ai bawa ba ya aiken mai gida a garin mai gida. Tun daga nan ba mu ƙara rabuwa ba.

Abokina mutum ne mai naci. Shekara uku yana bin kwari kwari a kan babur, yana auna inda tudu ya matso, da zurfin ruwan rijiyoyi, da shingen da ya riƙe da wanda iska ta kwashe. Duk abin da ya auna sai ya zuba shi cikin ordinatar ɗinsa, irin mai ninkewa kamar akwati. Guda biyu ne a ofishin, iri ɗaya, rana ɗaya aka kawo su cikin kwali ɗaya, har muna ce musu tagwaye. Ɗaya tana kan teburina, ɗaya tana yawo da shi. Da wannan aiki ne aka ba shi gurbin ƙaro karatu a Yamai ya zama injiniya, da sharaɗin ya kai kundin bincikensa kafin a buɗe makaranta bayan damina. Burinsa ke nan tun yana yaro, kuma ya san irin wannan gurbi ba ya zuwa wa mutum sau biyu.

Sai ga shi wata rana yana dawowa daga wajen Gamu, babur ya kwashe shi a cikin yashi ya maka shi a kan kututture. Shi dai gwiwa ya kuje. Akwatin ce ta sha wuya. Bayanta ya lotse, duk ramukan da ake soka igiya sun murƙushe, bakin da ake sa disket, wato ɗan faifan da ake ajiye kwafin aiki a kansa, ya karkace ko tsinke ba ya shiga. Gilashin kuma ya tsage daga ƙasa, wani baƙi ya ɓullo a kusurwa kamar an zubar da tawada. Amma da aka danna ta, ta kama.

Kada wani ya ce me ya sa bai ajiye kwafi ba. Ya ajiye. Sai dai wanda ya san disket ya kuma san zafin Gure da yashinta ba zai yi wannan tambaya ba. Muka gwada disket ɗinsa a tawa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta yi ɗan gurnani ta ce ba ta san zancen ba. Aka kai akwatin wurin wani mai gyara a Damagaram, ya juya ta ya juya, ya ce sai Yamai, can ma ba ya lamunin abin da ke ciki zai dawo da rai. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne baƙin nan ba tsayawa ya yi ba. Kullum ka buɗe sai ka ga ya ƙara cin gilashin yana hawa sama. Ranar da ya rufe shi duka, aikin yana ciki amma ba mai iya ganinsa.

Abokina ya zauna a gaban teburina ya dafe kai. Ya ce, "Abokina, shekara ukku ina yawo cikin rairai, duk suna cikin akwatin ga." Da na ji ya ce abokina bai ce bawana ba, na san lamarin ya kai inda ya kai.

Ina jujjuya akwatin a hannuna ne na lura da wata ƴar taga a gefenta, baƙa-baƙa mai ɗan ja, ba ta fi faɗin farce ba. Na duba tawa, ita ma tana da ita. Mun daɗe muna ganinsu, mun ɗauka ado ne. Na tono takardun da suka zo da na'urorin, na gano ashe ido ne: yana fitar da irin hasken nan da mutum ba ya gani, kamar na abin canza tashar talabijin, kuma yana ganin na ɗan'uwansa in suna kusa suna fuskantar juna. Ido dai ga shi, lafiyarsa ƙalau. Abin da babu shi ne manhajar da za ta koya wa idanun magana. Ba ta zo da su ba, kuma ba inda za mu same ta.

Na ce masa, "Ni zan rubuta ta."

Ya ɗago ya dube ni. "Kai? Ka taɓa yi?"

Na ce ban taɓa ba, amma shi ma ai bai taɓa faɗuwa da babur ba sai da ya gwada.

Gaskiya bakina ya riga hankalina. Amma na zauna na yi tunani, na ga abin hawa-hawa ne kamar gini, ba a ɗora jinka sai an yi bango. Hawan ƙasa shi ne a koya wa ido ƙiftawa yadda harafi ɗaya zai tsallaka. Na samansa, a ɗaure haruffa dami-dami, kowane dami da alamar da za ta nuna ko wani abu ya zube a hanya. Na saman wannan, mai karɓa ta ce na karɓa, ko ta ce sake turowa. Sai can ƙoli a harhaɗa damman su koma takarda guda yadda take. Kowane hawa da aikinsa, ba ruwansa da na wani. Wahalar ita ce akwatin abokina ba ta karɓar disket, saboda haka duk layin da na rubuta a tawa sai na sake buga shi da hannu a tasa, a ɗan filin gilashin da baƙin bai kai ba. Gyara ɗaya, aiki biyu.

Da rana muke yi, in an tashi hutun azahar ofis ya yi tsit. Farkon abin da ya fara ba mu kashi rana ce. Hasken da ke shigowa ta taga ya fi ƙarfin ɗan hasken idanun, sai ya makantar da su. Na je gida na roƙi mahaifiyata aron baƙin zanenta na rini. Ta ce me zan yi da shi, na ce akwatuna zan lulluɓe.

Ta ce, "Su ma sanyi suke ji, cikin wannan zafi?"

Na ce, "Iya, so nake su yi magana da juna, haske yana hana su."

Ta miƙo mini zanen tana girgiza kai. "Karɓi. Mutanen garin nan duka ba su ishe ka hira ba, sai ka koya wa akwati. Allah Ya sa in sun fara su san lokacin yin shiru."

Addu'ar nan ta Iya, da na sani da na roƙe ta ta rage mata ƙarfi.

Muka kafa tagwaye suna fuskantar juna, tazarar tafin hannu, muka yafa musu zane. Na tayar da manhajar a kowace. Abin da ya fito a gilashi shirme ne tsantsa, haruffa a cakuɗe kamar kaji sun bi ta kan allo. Na kwana biyu ina bincike kafin na gane dalili. Manhaja ɗaya ce a cikinsu, kowace tana farkawa sai ta hau kiran ko akwai kowa, ko akwai kowa, ba mai sauraren wata. Kamar dillalai biyu a kasuwar dabbobi.

Raina ya ɓaci da wannan rashin tarbiyya. Ni da aka raina a gidan da yaro ba ya buɗe baki sai babba ya gama, a ce abin da na ƙera da hannuna yana katse wa ɗan'uwansa magana? Na zauna na ƙara wata doka a akwatin ofis: in kin farka kada ki ce komai, ki saurara, ki bar ƴar'uwarki ta fara. Muka sake gwadawa. Abokina ya ja tasa ya buga wani abu yana ɓoye mini da kafaɗa. Jim kaɗan sai ga rubutu ya fito a tawa, tsaf, harafi bayan harafi: BABARBARE BAWANA NE. Wannan ne saƙo na farko da ya taɓa tsallaka iska a ofishin nan, kuma zagina ne. Muka yi ta tsalle kamar yara, har mai gadi ya leƙo.

A nan ne na yi abin da Hausawa ke cewa garin gyaran gira a rasa ido. Da yamma, bayan abokina ya tafi masallaci, na dubi manhajar na ga dokar ladabin nan tana akwati ɗaya ne kawai. Na ce ina, ai tagwaye ne, ba za a yi wa ɗaya tarbiyya a bar ɗaya ba. Na buga ta a cikin tasa ita ma, tare da wasu ƙananan gyare-gyare, na rufe na tafi gida ina jin kaina.

Washegari muka zo da shirin kwashe aikin gaba ɗaya. Muka lulluɓe, muka tayar. Shiru. Ba shirme, ba zagi, ba komai. Muka matso da su, muka nisanta su, muka goge idanun da bakin riga, muka ninka zanen biyu. Shiru. Ni kuwa ko kusa ban kawo dokar nan a raina ba, don a ganina ita ce ma ta gyara lamarin jiya. Na ɗora laifin a kan faɗuwar babur, na ce wataƙila idon ne ya ƙarasa mutuwa. Kwanaki suka yi ta tafiya ina tone-tone a hawan ƙasa inda ba abin da ya lalace, baƙin kuwa ya wuce rabin gilashi.

Wata azahar abokina ya janye zanen ya ninke akwatinsa. Ya ce, "Laihina ne. Ni na ɗauki aikin shekara ukku na ba wanda ko karatun lakwal bai ƙare ba. Da tun farko na zamna ina kwahewa da hannu, da yanzu na tsira da wani abu."

Tsakanin Ba'are da Babarbare ba maganar da ba a faɗa, amma da dariya ake faɗarta. Wannan ba dariya a cikinta. Ta soke ni, don ta taɓa inda yake ciwo. Ya saɓa akwatin ya fita, ya kuma nemi izini a ofis ya zauna gida yana kwafe abin da zai iya a takarda, aikin da shi da ni mun san ko wata uku aka ba shi ba zai gama ba.

Ban bi shi ba. Na ce wa kaina mutum yana cikin damuwa, kada in je in tsaya masa a ka, in ya huce zai neme ni. Kullum in na ji ƙarar babur sai in ɗaga kai. Bai zo ba. Iya ta lura zanenta ya dawo gida, ta lura kuma ba a ƙara sallama da muryar nan mai ƙarfi ana neman tuwon bayi ba, amma ba ta tambaye ni ba, ta dai riƙa kallona.

Ranar wata Juma'a aka yi suna a gidan maƙwabcinmu. Da safe na bi mahaifina, muka tarar da amininsa da ya taso tun daga Gamu. Su biyun sa'o'in juna ne, damina ɗaya aka haife su, tare aka yi musu kaciya, har yau ba a san wanda ya girmi wani ba. Suka gaisa, suka iso bakin zaure tare, ƙofar kuwa ta mutum ɗaya ce. Mahaifina ya ja baya ya miƙa hannu.

"Bismillah, Malam."

"A'a, Alhaji, ku shiga."

"Haba, ina ni ina shiga gabanku?"

"To ai kuwa sai dai mu wuni a nan."

Kowa ya ƙara ja da baya taki ɗaya, ya harɗe hannu yana murmushi. Mu kuma mun yi layi a bayansu, rana tana ɗagawa, ba mai ikon ratsa dattawa ya wuce. Ƙofa a buɗe, ba kowa a cikinta. Sai da mai gidan ya gaji ya ɗaga murya daga ciki: "Lale, lale! Kun tsare mini ƙofa, liman yana jira. Wanda ya taso daga nesa shi ne baƙo, ya yi sallama ya shigo, na gida ya biyo shi."

Ban san lokacin da dariya ta kufce mini ba. Irin mai ƙarfin nan, a gaban dattawa, da sassafe. Mahaifina ya waiwayo ya yi mini wani kallo da har yau in na tuna sai na gyara zama. Amma ni a lokacin ba su nake gani ba, tagwayena nake gani a ƙarƙashin zane. Ranar da zagi ya tsallaka, ɗaya ce ke saurare ɗaya na magana. Da na koya wa ta biyu ladabi, sai kowace ta farka ta yi shiru tana jiran ƴar'uwarta ta fara. Idanun lafiyarsu lau. Kara suke yi wa juna, kuma da an bar su haka za su yi ta yi har tashin ƙiyama.

Ana shafa fatiha na sulale ko goro ban tsaya karɓa ba. Kafin in kai ofis na gama tsara gyaran a kaina, don ba sabon abu ba ne, abin da aka koya mana ne tun muna yara. Wadda take ɗauke da kaya ita ce baƙuwa, ita za ta yi sallama. Wadda za ta karɓa ita ce mai gida, ta zauna ta saurara, in ta ji ta amsa. In baƙuwa ta yi sallama ba a amsa ba, ta ɗan dakata ta sake, har sau uku, sannan ta haƙura. Sai an amsa sallama kaya za su fara shiga. Na buga wannan a akwatin ofis, na kwafe rabon ɗayar a takarda, na naɗe akwatin cikin zanen Iya da na biya na sake ɗaukowa.

Sai da na fito bakin hanya na tsaya. Ɗayar akwatin tana gidan abokina, mutumin da rabona da shi tun ranar maganar nan. Wata zuciya ta ce ai shi ya faɗi magana, shi ya kamata ya zo. Na dubi abin da ke hammatata. Dokar da na gama rubutawa yanzu-yanzu ta ce mai ɗauke da kaya shi ke sallama, kuma ni ne ɗauke da kaya.

Na isa ƙofar ɗakinsa na ce salamu alaikum. Shiru. Na dakata na sake. Shiru, amma ina jin motsi a ciki. Na ce a raina saura ɗaya. Na ɗaga murya na yi ta uku.

"Wa alaikumus salam," in ji shi daga ciki. "Wane bawa ne ke yi mini ihu a ƙohwa?"

Wallahi ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Na shiga na same shi a kan tabarma cikin tulin takardu, idanunsa sun yi ja, ya rame. Ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce, "Tun ranar nan nike son tahowa. Kullum in na sa takalmi sai in ce da wane ido zan dube ka. Na ce bari in jira ka huce ka neme ni."

Na ce, "Ni ma jiran da nake yi ke nan. Matsa, ba ni akwatin."

Na buɗe ta. Baƙin ya cinye gilashin saura ɗan siriri a can sama, layi biyu kawai ake gani. A haka muka yi aikin, shi yana karanto mini daga takarda harafi harafi, ni ina bugawa ina leƙen ɗan sararin da ya rage. In na yi kuskure sai mu koma baya da lalube. Muka tafi masallacin Juma'a muka dawo muka ci gaba. Wajen la'asar muka kafa su a kan tabarma fuska da fuska, muka yafa zane, muka bar gilashin ta ofis a waje don mu ga abin da ke gudana. Na ce masa shi ne baƙo, ya danna.

A gilashin ta ofis rubutu ya fito: Salamu alaikum. A ƙarƙashinsa ta amsa da kanta: Wa alaikumus salam. Sai kuma layi ya fara bin layi: na karɓa, na karɓa, na karɓa. Can ta ce sake turowa, sai kuma ta ci gaba da na karɓa. Abokina ya kama hannuna ya matse har sai da na ce masa hannun bawa ma hannu ne.

Abin ba sauri gare shi ba, tafiyar jaki ce da kaya. Muka raba aikin, muka kwashe wani kaso a ranar, muka kai su ofis washegari inda akwai batir muka ɗora. Ana tsakiyar kaso na ƙarshe, wanda ya fi kowane girma, abokina ya ɗaga gefen zanen ya leƙa tasa. Ya ce, "Ta rufe." Na leƙa. Gilashin ya yi baƙi ƙirin daga sama har ƙasa. Muka juyo ga ta ofis a tare. Tana nan tana rubutawa: na karɓa, na karɓa. Makauniyar tana ci gaba da miƙo kayanta. Da damin ƙarshe ya shiga, muka buɗe kundin muka bi shi shafi shafi, kowane kwari da ma'auninsa, ba abin da ya ɓace. Abokina ya juya ya fuskanci gabas ya kai goshinsa ƙasa, ya daɗe bai ɗago ba. Ni ma na share ido da gefen zanen Iya, na ce yashi ne.

Ya tafi Yamai a kan lokaci, ya yi karatunsa, ya dawo yankin nan injiniya. Akwai kwarin da ake cewa ya gama yawo, yau in kun je za ku ci dabinonsa. Har gobe in ya kira ni a waya da bawana yake farawa, ga jikoki ga furfura.

Manhajar kuwa labarinta ya bazu a ƴan ofisoshin garin. Wani likita ya zo nema, wani malamin makaranta ma ya zo. Akwai wanda ya ba ni shawara in rufe cikinta in riƙa sayarwa. Na tuna da rijiyar malaminmu, na ga ni dai ban iya sa kwaɗo ba. Na bar ta a buɗe, na rubuta a can samanta: Salamu alaikum. Duk wanda wannan ta isa hannunsa, tasa ce. Ya karanta, ya gyara, ya ba wani, kada dai ya rufe ta. Ma'aikata kuwa kun san su, yau suna nan gobe an mayar da su wata jiha, sai su tafi da ita cikin kayansu. Na yi ta bayarwa, ban taɓa jin ko ta yi wa wani amfani ba. Har na manta.

Abin da wannan lamari ya koya mini ba wai ladabi laifi ne ba. Har yau ina ja da baya a bakin ƙofa, kuma ina son yaran da ke yi. Amma na gane kara tana da kyau ne in ɗaya ya yi ta, ɗaya ya karɓa. In kowa ya ce sai ɗan'uwansa ya fara, to ana iya rasa aikin shekara uku, ana iya rasa aboki, alhali ba mai ƙin wani a ciki. Sau da yawa shirun da muke ɗauka fushi ne, mutum ne a bayan ƙofa da takalmi a ƙafa yana jin kunya.

Bayan kamar shekara biyu, wani direban babbar mota da ke bin hanyar Agadas ya tsaya a ofis ya miƙo mini ƙunshi, ya ce wani ne ya ba wani ya ba shi, a kawo wa mai ordinatar na Gure. Disket ce a naɗe cikin leda da tsumma. Na sa ta ina addu'ar kada yashi ya riga ni, ta buɗe. Manhajata ce, amma ta girma har na kusa kasa gane ta. Wani ya ƙara mata sauri. Wani ya yi bayanin kowane hawa da Faransanci. Wani kuma ya warware abin da ni ban ma hango ba, wato in duka biyun baƙi ne kowace da kayanta: ya sa su jefa ƙuri'a, wadda ta ci ta fara. Hannu aƙalla uku na gani a ciki, ba wanda ya sa sunansa. Na koma can sama inda na yi rubutuna. Yana nan yadda na bar shi, sai dai an ƙara layi ɗaya a ƙarƙashinsa: Wa alaikumus salam. Mun gyara abin da muka iya, ga ta nan mun maido.

Na'urorina na koya musu su yi sallama sau uku, in ba a amsa ba su haƙura. Tawa sau ɗaya na yi ta, na juya na tafi, ashe tana can tana bin motoci gari gari har ta samu masu amsawa. Har yau ban san ko su wane ne ba. Amma tun daga ranar, duk abin da na rubuta a buɗe nake barinsa, kuma da sallama nake farawa.